Sista, Daraktar Kamfanin Ƙanƙara

Duk unguwar Sista suke ce mata, har bayan ta ajiye aiki. Yaran da ba su taɓa ganinta cikin farin kaya ba ma haka suka taso suka ji ana kira, suka ɗauka shi ne sunanta na gaskiya. Ƙuruciyarta a ɗakin 'yan haɗari na babban asibiti ta ƙare, inda ake shigo da mutum jina-jina 'yan uwansa na ihu a baya, ita kuwa ta daka musu tsawa su fita sannan ta sa hannu. Gajera ce mai jiki, bakinta da zafi, hannunta da sanyi. Waɗanda ta ɗinke sukan ce faɗanta ya fi allurar ciwo.

Ita ce babba a gidansu. Uwarsu ta rasu ta bar ɗan ƙarami ko yaye shi ba a yi ba, lokacin Sista ba ta gama makaranta ba. Ita ta goya shi, ita ta tauna ta ba shi, a bayanta ya yi ƙyanda. Shi ya sa har ya fara furfura bai tashi daga Auta ba a bakinta, shi ma bai taɓa kiranta da komai ba sai Yaya. Da ta yi aure da shi ta tafi. Mijinta malamin makaranta ne mai haƙuri, ya haɗa Auta da 'ya'yansu mata biyu ya riƙe har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Auta bai yi nisa a karatu ba, amma yana da kan inji. Da gyaran firji ya fara a bakin titi, ya koma sayar da ƙanƙara a buhu, da tafiya ta yi tafiya ya samu fili a bayan kasuwar kifi ya kafa inji na gaske, irin mai fitar da manyan tubalan ƙanƙara da sai ƙato ya sa ƙugiya yake ja. Da zai yi wa kamfanin rajista aka ce masa sai da darakta biyu. Sai ga shi a asibiti da rana tsaka, takardu a hammata, ya tarar da ita tana wanke wa wani mai babur ƙafa.

"Yaya, hannu kawai za ki sa min, nan da nan."

"Na mene ne? Ba ka ga aiki nake ba?"

"Suna ne kawai. Sun ce sai mutum biyu. Wa nake da shi in ba ke ba?"

Ta cire safar hannu guda, ta ɗora takardar a kan teburin magani ta sa hannu, ta ce ya ɓace mata da gani kafin babbarsu ta zo zagaye.

Tun daga ranar, duk sanda ya zo gaishe ta sai ya durƙusa tun daga ƙofa ya ce, "Ranki ya daɗe, Darakta!" Ita kuma ta ce, "Daraktar gidanku. Ina albashina?" Ya ce ai yana mota, a shigo da tubalin ƙanƙara a jefa mata cikin bokiti. Duk shekara yakan kawo wasu takardun ta sa hannu, ba ta taɓa karanta ko layi ɗaya ba. Kamfanin ma in ban da ranar da aka buɗe shi ba ta sake taka shi ba.

Da ta yi ritaya burinta bai wuce ta gyara filin bayan gidanta ta zuba kaji ba, ta riƙa kai wa babbar 'yarta ziyara a ƙasar da take aure. Ba ta shekara da hutawa ba aka kira ta a waya aka ce Auta ya yanke jiki ya faɗi a ɗakin inji. Tana shiga ta ga yadda bakinsa ya karkace ba ta tambayi likita komai ba. Hawan jini ne. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke, kalma ɗaya tak ta rage masa: "to". Da ita yake neman ruwa, da ita yake fushi, da ita yake kuka.

Suna cikin jinya Manajan kamfanin ya zo asibiti. Mutum ne mai laushin murya, rigarsa kullum a goge. Ya gaishe da mai jiki, ya ja Sista gefe ya ce wata ya ƙare, ma'aikata na jira, banki kuma ba za su saki ko sisi ba sai da hannun darakta.

"To daraktan ga shi nan kwance."

"Ai ku biyu ne, Mama."

Haka ta tsinci kanta a bayan kasuwar kifi. Mata masu kifi sun yi layi da robobi a bakin ƙofar ƙarfe, mahauta da masu lemo suna turereniya da baro, ƙasa duk a jiƙe, ƙarar inji ta cika kunne. Tana tsallaka ƙofa wani wari mai yaji ya soke ta a hanci, idonta ya kawo ruwa. Ta san warin nan. Iskar amoniya ce, wadda ake sanyaya ruwan da ita, kuma ta taɓa ganin abin da take yi wa ido da huhu. Wani ƙaton ma'aikaci mai jan ƙanƙara, da ake ce wa Dogo, ya ga tana tari ya yi dariya.

"Sista, wannan ai turarenmu ne. Matata ma da shi take gane na dawo."

Ofishin Auta ɗan ƙaramin ɗaki ne a saman matakala, da fanka mai kuka da tagar da ke kallon ɗakin inji. Kujerar ta loɓa daidai jikinsa. Da ta zauna ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ta sa hannu inda Manaja ya nuna, ta miƙe tana cewa shi ke nan ta fita. Washegari aka sake nemanta saboda mai kawo man inji, jibi saboda 'yan haraji, gata saboda kuɗin wuta. Kajin da ta yi oda ta kira ta ce a dakata tukuna.

Wata ranar tana zaune a kujerar nan wani mutum ya hawo matakala da hular kwano a hannu. Sifeto ne daga hukumar da ke duba lafiyar ma'aikata a masana'antu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce tun bara ya gargaɗi kamfanin cewa bututun iskar sun ci tsatsa, sai an canja su gaba ɗaya, kuma yau ya duba ya ga ba abin da aka yi sai ɗaure-ɗaure da roba.

"Ɗana, wanda ka gaya wa yana kwance. Ni suna ne kawai."

"Mama, doka ba ta san suna kawai ba. Duk wanda sunansa ke rajista, haƙƙinsa ne ya san abin da ake yi a kamfanin, ya kuma tsare ran waɗanda ke aiki a ciki. Rashin sani ba ya wanke darakta. Balle ke yau ga shi na faɗa miki baki da baki."

"In wani abu ya faru fa?"

"Ke za mu nema."

Ya ba ta wa'adi zuwa ƙarshen wata mai zuwa, ya sa hularsa ya sauka.

Ba ta koma gida ba, ofishin wata lauya ta wuce, ƙawar 'yarta ce tun suna makaranta. Ko zama ba ta gama yi ba ta ce a rubuta mata takardar murabus yanzu-yanzu. Lauya ta sa aka kawo mata ruwa, ta nemo bayanan kamfanin, ta daɗe tana dubawa.

"Mama, rubutawa ba wuya. Amma in kika fita, kamfanin ya rage daga shi sai mutumin da ba ya iya magana. Hukumar rajista ba za ta cire sunanki ba sai an naɗa wani a gurbinki."

"To a naɗa."

"Masu hannun jari ke naɗawa. Kusan duka hannun jarin na Kawu Auta ne. Sai an je kotu an tabbatar ba ya iya yanke hukunci, kotu ta ba wani iko ya tsaya masa. Wannan kuwa ba aikin wata ɗaya ba ne, ba na biyu ba. Kuma ko kin fita yau, gargaɗin nan an yi shi kina darakta. Murabus ba ya goge abin da ya wuce."

Sista ta yi tagumi. "Wato na shiga da minti ɗaya, fita kuma sai abin da hali ya yi."

"Shawarata, ki kashe injin nan. Ki rubuta umarni da hannunki, ki ajiye kwafi. Kada a tayar sai an canja bututun."

Ta bi shawarar. Da safe ta tara ma'aikata ta ce a kashe inji, aka kashe. Shirun da ya biyo baya har tsoro ya ba ta. Manaja ya biyo ta ofis ya rufo ƙofa, ya ce da girmamawa yana so ya tuna mata cewa zafi ya shigo, a watannin nan ne ƙanƙara ke ciyar da su shekara guda. Sabbin bututun sai an yi odarsu daga waje, kuɗinsu kuma babu shi a ƙasa sai an yi cinikin zafin nan. In an kashe inji ba ciniki, in ba ciniki ba bututu. Masu kifi kuwa ba za su jira ba, akwai wani injin a ƙetaren gada, in suka saba can sun tafi ke nan.

Kafin azahar matan kifin sun cika ƙofa. Wata tsohuwa ta kama gefen mayafinta ta ce, "Baiwar Allah, kifina zai ruɓe, marayu nake riƙo." Ma'aikata suka zazzauna a kan baro suna kallonta.

Na gida ya fi zafi. An riga an sallamo Auta, yana kwance a falonsa, mai gashin ƙashi yana zuwa kullum, magungunansa kuwa kamfanin ke saye. Matarsa ta tare Sista a tsakar gida ido jawur.

"Yaya, me muka yi miki? Mutum yana kwance za ki rufe masa abin da ya gina?"

"To ki karɓa mana. Ki zama darakta, ni in huta."

"Ni? In wani abu ya faru a ɗaure ni, wa zai riƙe yaran? Ke ai naki sun girma."

Ta nemi babban ɗan Auta, aka ce shekarunsa ba su kai ba. Ta nemi Manaja, ya yi murmushi ya ce shi ina shi ina kujerar manya. Kowa yana son injin ya tashi, ba mai son sunansa ya hau takarda.

Aka kira taron dangi. Kawunsu, ƙanen mahaifiyarsu, tsoho ne da ba ya ji sosai amma yana magana da ƙarfi. Ya buga sandarsa ya ce shi tun da yake bai taɓa jin inda wari ya kashe mutum ba. Ya ce mutane sun fara magana, wai so take kamfanin ya durƙushe ta saye shi da arha ta ba sirikinta. Sista ta sunkuyar da kai. Ita da ke korar ƙattai daga ɗakin 'yan haɗari, ranar ko kalma ba ta iya haɗawa ba.

Bayan an watse ta shiga wajen Auta, ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa mai lafiya.

"Auta, ka ji ni da kyau. In bar injin a kashe?"

"To."

"Ko a tayar, a yi zafin nan, sannan a gyara?"

"To," ya ce, hawaye na gangarowa ta gefen bakin da ya karkace.

Ta goge masa da bakin mayafi. Ta dubi kwalaben magani a kan tebur, ta dubi takalman yaran a bakin ƙofa. Da ta koma kamfani ta ce wa Manaja a kira mai walda ya ƙara lilliƙe inda ya fi lalacewa, a buɗe duk tagogi, a sayo takunkumin fuska a rataye a bakin ɗakin inji. Zafi na wucewa za a kashe, ko sama da ƙasa za su haɗu. Manaja ya kawo takarda ya ce don tsari, ta rubuta cewa ita ta ba da izinin a tayar. Ta rubuta. Wa'adin Sifeto ya zo ya wuce, ta aika masa da roƙon ƙarin lokaci, amsa ba ta zo ba, ita kuma ta ɗauki shirun a matsayin an yarda.

Watannin nan ba ta san daɗin abinci ba. Kullum da safe sai ta shiga ɗakin inji tana shinshina iska kamar mai neman ɓeran da ya mutu. In wayarta ta yi ƙara gabanta ya faɗi. Ciniki kuwa ya yi kyau, har Manaja ya fara nuna mata hotunan bututun da za a yi oda.

Wata ranar kasuwa, rana ta take, layi ya kai titi, ta ji wani tsaki mai ƙarfi daga ƙasa kamar an huda tayar babbar mota. Ta leƙa taga ta ga farin hayaƙi yana fita daga ɗakin inji. Mutane suka watse suna tari, ana tattake robobi. Akwai mutum biyu a ramin ƙanƙara da ba su da hanyar fita sai ta cikin hayaƙin. Dogo ya fizgi takunkumi ya ga igiyarsa ta tsinke, ya jefar, ya naɗe fuska da rigarsa ya shiga ya murɗe kan bututun. Mutum biyun suka fito da ƙafarsu. Shi sai janyo shi aka yi.

Ba ta san sanda ta sauko matakalar ba. Muryarta ta da ta dawo, ta daka tsawa a kawo tiyo, ta durƙusa cikin ruwan ta buɗe idanunsa da yatsunta tana kwarara musu ruwa, yana fizge-fizge tana zaginsa ya tsaya. Ba ta daina ba har mota ta zo. A ɗakin da ta yi aiki shekara da shekaru aka kwantar da shi, yaran da ta koya wa ɗaurin bandeji suka karɓe shi, suna gaishe ta suna kawar da kai. An ceto ido ɗaya. Ɗayan ya tafi, huhunsa kuma ya ƙone, har yau in ya hau matakala sai ya tsaya ya huta.

Kafin magariba hukuma ta garƙame ƙofar kamfanin da sarƙa. Da aka tambayi Manaja ya ce shi ma'aikaci ne, umarni ya bi, ya fito da takardar da ta rubuta. Sifeto da kansa ya zo gidanta da sammaci. Ya tsaya a ƙofa ya ƙi shiga, ya ce, "Mama, ban so haka ba." Ta ce, "Ai ka faɗa min."

Aka ba da belinta bisa sharaɗin ta ajiye fasfonta a kotu, kada kuma ta bar gari sai da izini. A watan ne babbar 'yarta ta haihu. A waya ta ga jaririn, tana juya wayar tana cewa a matso da shi ta ga cibiyar ko an ɗaure daidai.

Shari'ar ta ja. Yau alƙali ya tafi taro, gobe lauyan hukuma bai shirya ba, jibi fayil bai iso ba. Ta san bencin barandar kotun kamar yadda ta san gadonta, ta san inda rana ke bugawa da inda inuwa ke komawa. A nan ta haɗu da ɓarayin waya da masu rigimar fili, har wata mai sayar da ruwa ta saba da ita tana ajiye mata wuri. Matar Dogo takan zo ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Sista ta gaishe ta ranar farko, matar ta dube ta sama da ƙasa ta juya baya. Daga dangi kuwa ba mai rako ta sai ƙaramar 'yarta in ta samu izini daga wajen aiki. Kawu ya aiko a gaya mata shi dama ya san mace ba za ta iya riƙe inji ba.

Lauya ta yi iya ƙoƙarinta. Ta faɗi shekarun da Sista ta yi tana ceton rai, ta faɗi cewa ko ƙwandala ba ta taɓa ci a kamfanin ba, ta faɗi yadda ta fara kashe injin aka matsa mata. Alƙalin dattijo ne, ya saurara har ƙarshe. Ya ce ya yarda ba don kwaɗayi ta yi ba. Amma darakta ba ɗan aiken dangi ba ne. An gargaɗe ta, ta san haɗarin fiye da kowa a wurin saboda aikinta, ta kashe sannan ta tayar da hannunta. Ya ce ba zai kai ta gidan yari ba saboda shekarunta. Ya ci ta tara, ya sa kamfanin da ita su biya Dogo diyya, ya ba da umarnin a rushe kamfanin a sayar da kayansa. A ƙarshe ya haramta mata zama daraktar kowane kamfani na wasu shekaru.

Nan dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kotu, har ɗan sanda ya harare ta. A waje ta ce wa Lauya, "Abin da na zo ofishinki ina roƙo tun farko, yau ga shi an ba ni a matsayin horo."

"Mama, kada ki yi murna tukuna," in ji Lauya. "Ba za ki ƙara ba da umarni ba, gaskiya ne. Amma har a gama rushe kamfanin, duk tambayar da ta taso ke za a kira."

Filin da mijinta ya bar mata ta sayar ta biya tarar da rabonta na diyya. Kotu ta naɗa wani akanta ya tattara kayan kamfanin ya sayar ya sallami masu haƙƙi. Sista takan ce masa mai wankan gawa, shi ma ya ji ya yi dariya, don ba mugu ba ne. Sai dai gawar ta ƙi binnuwa. Filin kamfanin ashe takardunsa ba su cika ba. Wanda ya zo sayen injin ya ji labarin haɗarin ya janye. 'Yan haraji suka tono shekarun baya da Auta bai shigar da bayani ba, shekarun da take sa hannu ba ta karantawa. Kowane wata sai an kira ta wani ofishi, ta hau bene tana haki, a tambaye ta abin da ya faru a shekarar da ita tana can tana ɗinke kawunan mutane. Ta ce ba ta sani ba, a rubuta cewa darakta ta ce ba ta sani ba, a ce ta dawo. Fasfon yana nan a kotu, an ce sai akantan ya rubuta cewa ba ya bukatarta.

Dogo ya buɗe ɗan teburin sayar da katin waya a bakin tashar mota da abin da ya samu. Ranar da yake ganin likitan ƙirji takan riga shi zuwa ta kama masa layi, don har yanzu ana jin kunyarta a asibitin. Yana karɓa, yana ce mata Sista kamar da, wani lokacin har ya yi mata barkwanci cewa yanzu rabin munin matarsa kawai yake gani. Matar dai har yau ba ta amsa gaisuwarta.

Abin da ya fi ci mata rai yana gidan Auta. Likita ya ce duk wani tashin hankali zai iya jawo masa bugun hawan jini na biyu, wanda ba lallai ya tashi ba. Saboda haka ba wanda ya gaya masa komai. An hana yara magana, an hana baƙi, an ce masa Manaja ya yi tafiya. Kuɗin mai gashin ƙashi ya gagara, sai Sista ta karɓi aikin. Kowace safiya takan hau mota ta je, ta tarar da matarsa a tsakar gida su gaisa sama-sama, ta shiga ta shafa masa mai, ta lanƙwasa hannun ta miƙe, ta lanƙwasa ƙafar ta miƙe, tana yi masa faɗa kamar yadda ta saba yi wa marasa lafiya.

Hannunta kuwa bai manta aikinsa ba. Auta yana samun sauƙi. Yatsunsa sun fara motsi, harshensa ya fara saki, kalmomi suna dawowa ɗaya bayan ɗaya. Ta farko da ya kama bayan "Yaya" ita ce "inji".

"Yaya. Inji?"

"Yana nan."

"Aiki?"

"Ana ta yi. Ɗaga ƙafar nan, malalaci."

Da farko daga gado zuwa kujera yake iyawa. Sannan ya kai ƙofar falo. A 'yan kwanakin nan, da sanda a hagu da kafaɗarta a dama, yana ratsa tsakar gida har bakin ƙofar waje. In sun kai sai ya tsaya yana haki, ya ɗaga sandar ya nuna hanyar da ke gangarawa kasuwar kifi, fuskarsa ta washe da rabin murmushi.

"Gobe," ya ce mata ranar nan. "Mu je."

Matarsa tana tsaye a bakin kicin da ludayi a hannu, ta zuba wa Sista ido. Sista ta gyara riƙon da ta yi wa ƙugunsa.

"Sai ka ƙara ƙarfi," ta ce. "Juya mu koma. A hankali, ƙafa mai ciwon za ka fara jefawa."

Ya juya da ƙyar, nauyinsa duk a kanta. Tana jin yadda ƙafar ke taka ƙasa da ƙarfin da babu shi a makon jiya. Suka koma ciki, ta zaunar da shi, ta ɗauko man ta fara murza masa gwiwa.